Dariyar Waɗanda Aka Cuta: Tarihin Zambon Kamfanin Tekun Kudu

A cikin tsohon birnin Landan, ba nisa da gadar da ta ƙetare kogin Thames, akwai wata doguwar hasumiya ta dutse, tsawonta ƙafa 202, wadda aka gama gininta a shekarar 1677 domin tunawa da babbar gobarar da ta lashe mafi yawan birnin a 1666. Da aka shekara arba'in da 'yan kai da kammala ta, sai wani saurayi mai sana'ar sassaƙa zane a kan farantin tagulla, sunansa William Hogarth, wanda a lokacin bai wuce shekara 24 da haihuwa ba, ya ɗauko gindin wannan hasumiya ya sa a cikin wani zane nasa, amma ya sake rubutun da ke jikinta, ya mai da ita abin tunawa da halakar birnin a hannun Kamfanin Tekun Kudu cikin shekarar 1720. Manufarsa kuwa ba ta ɓuya ga kowa ba, domin duk wanda ya kalli zanen ya gane ana gaya masa cewa abin da wuta ta yi wa gidajen kakanninsa, shi ne abin da 'yan kasuwa da manyan gwamnati suka yi wa dukiyarsa, ba tare da an ga hayaƙi ba.

Wannan ƙissa ta cancanci a tsaya a kanta da natsuwa, ba don yawan dukiyar da ta salwanta kaɗai ba, har ma don ita ce ɗaya daga cikin lokutan farko da jama'a suka tashi gaba ɗaya suka mai da ha'incin babban kamfani abin zambo da habaici, da zane da waƙa da wasan kwaikwayo, har da katin karta. Daga nan kuma al'adar ta kafu, ta zama duk sa'ad da wani banki ya rushe ko wani attajiri ya gudu da amanar mutane, masu alƙalami sai su wasa wuƙarsu. Ra'ayina a kan wannan al'ada kuwa shi ne ta yi wa gaskiya hidimar da kotu ta kasa yi, amma kuma ta tauye gaskiyar ta fuska biyu, kuma wajibi ne a faɗi duka.

Asalin al'amarin bashi ne. Ingila ta daɗe tana yaƙi da Faransa a kan wanda zai gaji sarautar Sifen, baitulmali ya yi ƙasa, 'yan kasuwa da sojojin ruwa da masu kawo kayan yaƙi suna bin gwamnati kuɗin da ta rasa yadda za ta biya. A shekarar 1711 sai Robert Harley, wanda ke riƙe da baitulmali, tare da wani mai rubuta takardun yarjejeniya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ake kira John Blunt, suka fito da dabara: a kafa kamfani, duk mai bin gwamnati bashi ya miƙa takardar bashinsa ya karɓi hannun jari a madadinta, gwamnati ta riƙa biyan kamfanin ruwan kashi 6 bisa ɗari a shekara a kan bashin da ya haura fam miliyan 9, sa'an nan a ba kamfanin shi kaɗai izinin ciniki da ƙasashen Amurka ta Kudu, inda mutane suka ji labarin duwatsun azurfa na Peru da Meziko har suka ɗauka shebur kawai ake bukata. Abin da ba a tsaya aka bayyana wa jama'a ba shi ne waɗannan ƙasashe a hannun Sarkin Sifen suke, ba kuwa ya da niyyar buɗe su. Da aka yi sulhu a birnin Utrecht a 1713, iyakar abin da Ingila ta samu shi ne izinin aika jirgi guda na kaya a kowace shekara, da kwangilar kai bayi 4,800 duk shekara har shekara 30. A 1718 kuma yaƙi ya sake ɓarkewa da Sifen, aka ƙwace kadarorin kamfanin da ke can. A wannan shekarar ce Sarki George na Ɗaya ya zama gwamnan kamfanin da kansa, sunansa ya zama garkuwa.

Da shekarar 1720 ta kama, sai shugabannin kamfanin suka ɗaga kai suka hango abin da wani ɗan ƙasar Sikotland mai suna John Law yake yi a Faransa, inda ya haɗa bankin ƙasa da kamfanin Misisipi ya haɗiye bashin gwamnati baki ɗaya, suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Suka nemi a miƙa musu wajen fam miliyan 31 na bashin ƙasa, suka yi takara da Bankin Ingila, har suka yi alkawarin ba gwamnati kimanin fam miliyan 7 da rabi ladan yarda. Ga kuma inda gizo yake saƙa: dokar da majalisa ta zartar a watan Afrilu ba ta yanke farashin da za a musanya bashi da hannun jari a kansa ba. Saboda haka in hannun jari mai fam 100 ya tashi ya kai fam 300 a kasuwa, mai bin gwamnati fam 300 guda ɗaya tak za a ba shi maimakon uku, sauran biyun su zama rarar da kamfani zai sayar ya zuba a aljihu. Ke nan ribar kamfanin ba daga jirgi ko haja za ta fito ba, daga tashin farashin takardarsa za ta fito, kuma duk abin da zai tayar da farashin ya zama wajibi a wurinsu. Suka buɗe sayarwa da biya kaɗan-kaɗan, na farko a kan fam 300, na biyu 400, na uku a watan Yuni a kan fam 1,000, mutum ya ajiye kashi ɗaya cikin goma ya tafi da sauran a wuyansa. Suka riƙa ba mutane rancen miliyoyin fam suna karɓar hannun jarin kamfanin a matsayin jingina, mutanen kuma su koma da kuɗin su ƙara sayen hannun jarin. Malaman fiƙihu sun daɗe da haramta najashu, wato mutum ya riƙa ƙara wa haja farashi ba don yana nufin saye ba sai don ya ruɗi na kusa da shi. Wannan kuwa najashu ne da aka yi wa al'umma guda, da hatimin majalisa a kansa. Kafin ma dokar ta wuce, an riga an rubuta wa waɗansu ministoci da 'yan majalisa da matan fada hannun jari na fam 574,000 a littafi, ba su biya ko sule ba, da sharaɗin in farashi ya tashi su zo su karɓi bambancin. Cikin waɗanda aka ambata har da Duchess ta Kendal, wadda sarki ya ajiye a fada ba bisa aure ba.

Kasuwar wannan ciniki ba wani babban zaure ba ce, wani ɗan lungu ne ƙuntatacce da ake kira Exchange Alley, da shagunan gahawa biyu da suka shahara a cikinsa, na Jonathan da na Garraway. A nan ne hannun jarin da yake fam 128 a watan Janairu ya kai 330 a Maris, ya kai 550 a ƙarshen Mayu, ya taɓa 1,000 da tsakiyar shekara, a zamanin da leburan gona da ƙyar yake haɗa fam 20 a shekara. Da ƙananan 'yan damfara suka ga kasuwa ta buɗe, sai kowa ya kafa teburinsa ya ƙirƙiro nasa kamfanin: wannan na shigo da jakuna daga Sifen, wancan na ƙera wata ƙafa mai juyawa har abada ba tare da an tura ta ba. Wani lauya mai suna James Puckle ya nemi jari don ƙera bindiga mai harbi a jere, wadda a takardar rajistarta aka bayyana cewa za ta riƙa harba harsashi mai zagaye ga Kiristoci, mai kusurwa huɗu kuma ga Turkawa Musulmi. Mutane suka sa wa irin waɗannan kamfanoni suna kumfa. Shugabannin Tekun Kudu, da suka ga kuɗin da suke kwaɗayi yana zirarewa zuwa wasu aljihuna, suka goyi bayan dokar hana kafa kamfani ba da izinin sarki ba, wadda ta fito a watan Yuni, a watan Agusta kuma aka kai ƙarar waɗansu daga cikin kamfanonin. Sai reshe ya juye da mujiya, domin waɗanda suka yi asara a ƙananan kumfa dole suka sayar da hannun jarinsu na Tekun Kudu don su biya bashi, farashi ya fara gangarowa, shugabanni suka yi alkawarin ribar kashi 50 bisa ɗari har shekara 12 ba wanda ya gaskata, bankin da ke riƙe musu kuɗi ya rufe ƙofa a ƙarshen Satumba, kafin shekara ta ƙare takardar ta dawo kusan inda ta faro.

Zambo bai jira ƙura ta lafa ba. Tun kafin shekarar ta fita wani mai shagon sayar da zane-zane mai suna Bowles ya fitar da katin karta, kowane ɗaya daga cikin 52 ɗin da hotonsa da 'yan baitocinsa, waɗansu suna yi wa kamfanonin kumfa shaguɓe ɗaya bayan ɗaya, waɗansu suna nuna halin da masu saye suka shiga. Katin da ya faɗa a kan bindigar Puckle ya kwantar wa abokan gaba hankali, da nuna cewa masu hannun jari a cikinta su kaɗai ta raunata. Hikimar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce, domin mutumin da ya zauna zai yi caca da yamma, katin da ke hannunsa yana gaya masa cewa abin da ya yi da safe a lungun kasuwa shi ma caca ne. A Holan kuwa, inda zazzaɓin ya tsallaka har jama'a suka fusata suka far wa wani shagon gahawa na 'yan hannun jari a Amsterdam cikin watan Oktoba, masu ɗab'i suka tattara zane fiye da saba'in da waƙoƙi da wasanni suka ɗaure su cikin wani ƙaton littafi da suka kira Babban Hoton Wauta, suna kiran sana'ar gaba ɗaya cinikin iska. A ciki aka yi ta zana John Law, aka yi ta zana wani mai doro, saboda labarin da ya bazu cewa a titin Quincampoix na birnin Faris cunkoso ya kai har wani mai doro ya yi arziki da ba da hayar bayansa ana ɗora takarda ana sa hannu. Shi Law ɗin ya tsere daga Faransa a watan Disamba, ya mutu a Venis a 1729.

Amma zanen Hogarth, wanda ya sassaƙa a 1721, shi ne ya fi dacewa a duba a tsanake, domin wanda ya yi shi ya san zafin bashi tun yana yaro: mahaifinsa malamin Latin ne da ya buɗe shagon gahawa ya karye, aka tsare shi shekaru a kurkukun masu bashi na Fleet. A tsakiyar zanen akwai wani lilo mai kewayawa da dawakan katako, a kansu ga karuwa, ga limamin coci, ga yaro mai goge takalma, ga tsohuwa, ga basarake daga Sikotland, kowa ya riƙe wuyan dokinsa ana juyawa da su ba inda za su, a can ƙololuwa kuma an kafa bunsuru. Ta hannun hagu an rataye wata mace da ke wakiltar Sa'a daga barandar zauren birni, Iblis yana yankar naman jikinta da lauje yana jefa wa taron da ke ƙasa suna wawaso. A gindin wannan, malaman addini uku, na Katolika da na Furotesta da na Yahudu, sun ajiye saɓaninsu sun durƙusa suna caca tare. Can sama mata sun yi layi a wani bene inda ake kaɗa ƙuri'ar samun miji mai kuɗi. A gaba kuwa, inda ido ya fi sauka, an tuɓe Gaskiya an ɗaure ta a kan ƙafar keke, Son Kai yana karya mata gaɓoɓi da kulki. An ɗaure Mutunci a jikin hasumiya, Mugunta tana tsula masa bulala. A lungun dama kuma, cikin duhu, Sana'a tana kwance ba wanda ya waiwaye ta. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi taɓa ni a cikin zanen duka, domin da shi saurayin ya faɗi abin da manyan masana tattalin arziki suke cika littafi kafin su faɗa, cewa a shekarar da kowa ya yi arziki a takarda, maƙeri da masaƙi da mai jirgin ruwa ba wanda ya ƙara ko ƙusa ɗaya a kan abin da ƙasar ta mallaka.

Marubutan da suka yi zambon da kalmomi kuwa, yawancinsu da miki a jikinsu suka yi. Jonathan Swift, wanda shi ma yana da hannun jari a kamfanin, ya tsara doguwar waƙa a watan Disamba na 1720 inda ya mai da sunan kamfanin teku na gaske, ya kamanta masu saye da rundunar Fir'auna da ruwa ya haɗiye, shugabanni kuma da waɗanda suka riga suka haye da ganima. Abokinsa John Gay an yi masa kyautar hannun jari, ya ga darajarsa ta kai wajen fam 20,000 a takarda, abokai suka yi ta roƙonsa ya sayar ko da rabi ne ya ƙi, ya wayi gari ba ko anini, har baƙin ciki ya kwantar da shi. Ko Isaac Newton, wanda ya auna tafiyar taurari, ya sayar da riba da farko, sa'an nan ya sake komawa da farashi ya yi sama, ya tafka babbar asara. Dariyar irin waɗannan mutane ba ta nishaɗi ba ce, dariya ce ta wanda kuka ya ƙi zo masa.

Sa'an nan aka zo ga shari'a, a nan ne kuma amfanin zambo ya bayyana sosai. Majalisa ta dawo zama a watan Disamba cikin hushi, har wani ɗan majalisa, Lord Molesworth, ya kawo shawarar a ɗinke shugabannin kamfanin cikin buhu a jefa su kogi, kamar yadda Rumawan dā suke yi wa wanda ya kashe mahaifinsa. Aka kafa kwamitin bincike a watan Janairu na 1721. Ma'ajin kamfanin, Robert Knight, shi ke riƙe da wani koren littafi da aka rubuta sunayen duk waɗanda aka ba toshiya. Da ya ga tambayoyi sun matso, sai ya haye teku da littafin. An kama shi an tsare a ganuwar birnin Antwerp, wadda a lokacin take ƙarƙashin Sarkin Ostiriya, majalisa tana ta neman a dawo da shi a fili, alhali kuwa fada ba ta son ya dawo. Daga bisani aka bar shi ya sulale, ya zauna a Faransa cikin wadata, bai koma gida ba sai da aka yi masa afuwa bayan shekara ashirin da wani abu. An hukunta waɗansu, ba a ce ba a yi ba. An kori John Aislabie, ministan kuɗi, daga majalisa aka kulle shi a Hasumiyar Landan, mutanen gari suka hura wuta a tituna don murna. An ƙwace mafi yawan dukiyar shugabannin kamfanin, cikinsu har da Blunt da kakan Edward Gibbon mai tarihin Rum. James Craggs babba, shugaban gidan waya, ya mutu ana gab da sauraron shari'arsa. Amma Charles Stanhope, sakataren baitulmali, ya kuɓuta da ƙuri'a uku kacal, 180 da 177. Sunderland, babban minista, shi ma aka wanke shi. Matan fada kuwa ba wanda ya kira su. Shi kansa Aislabie bai daɗe a tsare ba, ya koma gidansa na Studley Royal ya ƙarasa rayuwarsa yana ƙawata lambun da har yau ake zuwa kallo.

Wanda ya tsara wannan kariya shi ne Robert Walpole, wanda ya karɓi baitulmali a watan Afrilu na 1721 ya riƙe mulki har 1742, jama'a kuwa suka laƙaba masa sunan Babban Mai Labule. Masu zane suka kama wannan suna suka yi ta fitar da hoton wani dogon labule da aka kafa a tsakiyar ɗaki, ana hango alamun manyan mutane a bayansa. Ba a rubuta sunan sarki ba, ba a kuwa bukatar rubutawa; kamar yadda ɗan gambara yake tsayawa a bakin kasuwa ya yi habaici bai kama suna ba amma kowa ya juya ya dubi gida ɗaya, haka mutanen Landan suka karanta labulen nan. A jarida kuma John Trenchard da Thomas Gordon suka ɓoye a bayan sunan Cato suka yi ta sakin wasiƙu masu zafi, guda 144 daga 1720 zuwa 1723, har gwamnati ta ga ba ta da mafita sai ta saye jaridar da ke buga su, suka koma wata.

Mai karatu da ya tashi a kan tarbiyyar hana giba da izgili yana iya tambaya ko wannan aiki halal ne, tambayar kuwa tana kan hanya. Amma malamai ba su bar mas'alar a dunƙule ba. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum a bayan idonsa, daga cikinsu akwai kai kukan zalunci, da gargaɗin jama'a daga sharri, da wanda ya bayyana fasiƙancinsa a fili. Idan an sace littafin shaida, aka saye alƙalai da ƙuri'a, aka ja labule a kan sauran, to abin da ya rage wa wanda aka zalunta shi ne harshensa, kuma ban ga laifin wanda ya yi amfani da shi ba muddin bai ƙaga ƙarya ba. Cewa zambon yana da tasiri kuwa, masu mulki da kansu suka ba da shaida. A watan Janairu na 1728 Gay, wanda kumfa ta talauta, ya fito da wasan kwaikwayonsa na waƙa da ake kira Wasan Mabaraci, inda ya ɗauko ɓarayi da 'yan fashi da mai karɓar kayan sata ya sa su suna magana da ɗabi'u irin na ministoci, har ba a iya bambance wane ke kwaikwayon wane. Aka yi shi sau 62 a kakar farko, abin da ba a saba gani ba. Da ya rubuta ci gabansa mai suna Polly sai aka hana nuna shi, a 1737 kuma Walpole ya sa aka yi dokar da ta wajabta kai kowane sabon wasa ga wani jami'in fada ya duba kafin a hau dandamali, dokar da tsarinta ya rayu har 1968.

Tauyewar farko da na ambata ita ce wannan: yawancin zanen da waƙoƙin sun fi karkata ga wautar masu saye fiye da ha'incin masu sayarwa, saboda wawa ya fi ɓarawo daɗin zanawa, kuma ba ya kai ƙara. Lilon Hogarth da katin Bowles da littafin mutanen Holan duk sun koyar da cewa hauka ce ta sauko wa kowa da kowa, bawa da ɗa, malami da jahili. Idan kuwa kowa mahaukaci ne, to ba mai laifi ke nan. Alhali dubban waɗanda suka yi asara ba 'yan caca ba ne, masu riƙe da takardun bashin gwamnati ne da suka dogara da ɗan abin da ake biyansu duk shekara, cikinsu da zawarawa da tsofaffi, waɗanda suka ga sarki ne gwamnan kamfani, majalisa ce ta yi doka, suka miƙa takardunsu bisa amana. Kiran wannan kwaɗayi zalunci ne na biyu. Da tafiya ta yi nisa ma sai zambon ya rikiɗe ya zama tarihi: labarin nan da ya shahara na wani kamfani da aka ce an kafa don wata babbar harka mai riba wadda ba wanda za a gaya wa ko mece ce, wanda mai shi ya tara kuɗi da safe ya ɓace da yamma, masu bincike da yawa suna ganin ba'a ce ta zamanin, amma Charles Mackay ya sa shi cikin littafinsa na 1841 a kan ruɗun jama'a da haukan taro, daga nan kowa ya ɗauka ya yi ta maimaitawa. Har yau wanda ya san labarin wannan kamfani na almara ya fi wanda ya san koren littafin Knight yawa nesa ba kusa ba.

Tauyewa ta biyu ta fi nauyi, ta kuma shafe mu mutanen Afirka ta Yamma kai tsaye. Masu zambo sun yi ta nanata cewa kamfanin ba ya cinikin kome sai iska, wannan kuwa ba gaskiya ba ne. Yana da haja, hajar kuwa 'yan Adam ce. Tun daga kwangilar 1713 jiragensa da na waɗanda ya yi yarjejeniya da su suke zuwa gaɓar da a yau take ƙasar Gana, da tashar Wida a ƙasar Benin ta yanzu, da Angola, suna lodin maza da mata da yara, ana ɗana musu tambarin kamfani da ƙarfe mai zafi, ana sauke su a Kartahena da Berakurus da Buenos Aires, waɗansu kuma a sayo su daga Jamaika a ƙarasa da su. Lissafin da masu tarihi suka yi ya nuna mutum wajen 34,000 aka ɗauka cikin tafiya 96, kimanin 4,000 daga cikinsu ba su kai gaci da rai ba. Duk da haka da wuya mutum ya sami wurin da mashahuran zane-zane da waƙoƙin shekarar kumfa suka tsaya suka yi kukan waɗannan bayin Allah. Swift ya cika waƙarsa da mutanen da teku ta ci ta hanyar misali, alhali a wannan teku akwai waɗanda ake jefa gawarsu da gaske daga jiragen kamfanin da yake zargi. Thomas Guy, mai sayar da littattafai, wanda ya sayar da hannun jarinsa tun farashi yana sama ya gina asibitin da har yau ke ɗauke da sunansa a Landan, an yabe shi da hangen nesa da sadaka, ba a tambayi abin da kamfanin yake saya yana sayarwa ba.

Fashewar kumfa ba ta tsayar da wannan ciniki ba ko kaɗan. Shekarun da suka biyo bayan 1720 suna cikin waɗanda jiragen suka fi kai da kawowa, a daidai lokacin da mutanen Landan suke cika gidan wasa suna dariyar ministoci. Bai tsaya gaba ɗaya ba sai da wani sabon yaƙi da Sifen ya katse shi a 1739, a 1750 kuma Sifen ta biya kamfanin fam 100,000 aka soke kwangilar. Kamfanin kansa ya ci gaba da zama a ofishinsa yana karɓar ruwan bashin gwamnati yana raba wa masu hannun jari har zuwa 1853.